Makullin Ɗakin Tiyata

Sista ba ta cika ba da labarin matar telan ba, amma duk wanda ya yi aiki da ita ya san daga nan abin ya faro.

Ita ce babbar ungozoma a asibitin ƙaramar hukumar gangare, mace ƙaƙƙarfa mai murya kamar ta mai shela, wadda rabin yaran garin a hannunta suka faɗo. Asibitin nasu ƙarami ne: ɗakin haihuwa, ɗakin kwanciya na maza da na mata, sai wani lungu da ake ba da magani ta taga. Amma suna da abin da maƙwabtansu ba su da shi, wato likita. 'Yar garin ce, ta yi karatu ta ƙware a tiyata, ta dawo gida saboda mahaifiyarta ta tsufa. Matsalar ita ce ga hannu, babu wurin aiki, don asibitin gangare ba shi da ɗakin tiyata. Duk macen da haihuwa ta yi wa gardama, sai a saka ta a mota a nufi babban asibitin birni, tafiyar rabin wuni a kan hanya mai ramuka.

Da hantsi aka kawo matar telan. Likita ta duba ta, ta cire safar hannu ta jefa a kwando da ƙarfi.

"Sista, ɗan a gicciye yake. Aiki ne, kuma ba na jira ba. Da ina da ɗaki, kafin azahar na gama."

Aka samo motar haya, aka kwantar da matar a baya. Sista ta shiga ta durƙusa a gefenta, hannu ɗaya riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama, telan yana gaba yana ta waiwaye. Hanyar birni ta ratsa ta tsakiyar ƙaramar hukumar tudu, ta bi daidai ƙofar asibitinsu. A nan Sista ta ɗaga kai ta ga farin ginin nan, ɗakin tiyatar da ciyaman ɗin tudu ya gina, aka yi taro aka yanka jan ƙyalle aka ɗauki hoto, sannan aka garƙame da kwaɗo saboda babu likitan da ya yarda ya zauna. Awaki ne kwance a barandar suna tuƙa. A lokacin matar tana da ranta. Ta kama gefen rigar Sista ta tambaya ko an kusa, Sista ta ce an kusa.

Ba su kai rabin hanya ba ta cika, daga ita har abin da ke cikinta.

Sista ta ga mutuwa iri-iri a aikinta, amma wannan ta tsaya mata a wuya. A ƙarshen makon ta je gaida surukarta, kamar yadda ta saba, ta tarar da ƙanin mijinta a tsakar gida ya miƙe ƙafa yana shan shayi. Shi ne shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukumar tudu. Tun yana saurayi yana yawon rigakafi ƙauye-ƙauye ake kiransa Mai-Allura, sunan ya bi shi har ofis, alhali kowa a gidan ya san in shi za a yi wa allurar sai an danne shi.

"A'a, matar yaya! Yau kuma wa ya taɓa min ke? In yaya ne, na sha faɗa miki ki rabu da tsohon nan ki dawo wurina."

Ba ta yi dariya ba. Ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Ina makullin ɗakin tiyatarku?"

Ya ajiye kofin. "Yana durowar ciyaman. Me ya faru?"

Ta ba shi labarin tun daga farko, har awakin ba ta bari ba. Surukarta da ke yanke farce a kan tabarma ta daina, ta zuba musu ido.

"Ku kuna da ɗaki," in ji Sista, "mu muna da likita. Mutanen tsallaken kogi suna da sabuwar motar asibiti an lulluɓe ta da tamfol, da nas mai allurar barci da ba ya aikin komai sai wanke gyambo. Duk cikinmu babu wanda ya cika, amma in an haɗa mu asibiti guda ne. Me ya hana?"

"Ciyamomi suka hana. Namu da naku ba sa ga maciji tun rigimar kasuwar dabbobi da ke kan iyaka, ga jam'iyya daban. In naku ya ce rana ce, namu zai leƙa waje ya ce dare."

"To mata su yi ta mutuwa sai sun shirya?"

Tsohuwar ta nuna ɗanta da abin yankan farcen. "Kai, ka ji abin da yayarka ta ce. Ka je ka karɓo makullin mutane."

Mai-Allura ya shafa ƙeya. Can ya yi murmushin da Sista ta sani tun yana ɗan makaranta, irin wanda yake yi in ya shirya tsiya.

"Ciyaman ba ya son a ce ya roƙa, so yake a ce an roƙe shi. Ki bar ni da su."

"Ban da ƙarya."

"Wa ya ce ƙarya? Gyaran zance ne kawai."

Gyaran zancen ya ɗauki makonni, amma ya yi aiki, ciyamomin uku suka yarda za su zauna. Sista ta kafe a kan abu ɗaya, cewa ba a ofis za a yi zaman ba, a cikin ɗakin tiyatar za a yi, kuma kada a share shi.

Ranar taron, masinja ya kawo makulli, kwaɗon ya ƙi buɗewa sai da aka ɗiga masa mai. Likita ce ta fara shiga. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta juya a hankali. Gadon tiyata yana nan da ledarsa, babbar fitila tana rataye ba a taɓa kunna ta ba, tukunyar dafa kayan aiki tana cikin kwalinta, ƙura ta kwanta a kan komai, tsuntsaye sun yi sheƙa a saman taga. Ta sa yatsa ta share gilashin fitilar.

"Sista," ta ce da ƙaramar murya, "irin wannan ko a inda na yi karatu layi ake bi kafin a same ta."

Aka shigo da kujerun roba. Ciyaman ɗin tudu, ƙato mai son a ji muryarsa, ya miƙe ya buɗe taro.

"To, tunda 'yan'uwanmu na gangare sun ga ba su da mafita, sun aiko suna roƙon mu taimaka musu da wannan katafaren gini namu..."

"Wa ya roƙe ka?" Ciyaman ɗin gangare ya miƙe tsaye, siririn mutum mai saurin hawa. "Ni ce min aka yi kai ne ka rasa yadda za ka yi da kangon nan, kana neman aron likitarmu!"

"Kango? Ginina ne kango?"

Ciyaman ɗin tsallake, wani dattijo tsohon malamin makaranta, ya gyara tabarau ya ce shi kuma ce masa aka yi su biyun ne suka haɗu suna neman ya shiga tsakani. Sai duk suka juya suna neman Mai-Allura, wanda ya maƙale a bayan kwalin tukunya yana nazarin silin kamar yau ya fara ganinsa.

Hayaniya ta kaure. Kansiloli suka shiga, aka tono kasuwar dabbobi, aka tono wata kwalbati da aka yi shekaru ana jayayya a kan wanda zai gyara. Sista ta ga abin yana neman watsewa a gaban idonta. Ta ɗaga hannu ta daki gadon tiyatar da tafinta, ƙura ta tashi.

"Ranku ya daɗe, babu wanda ya roƙi wani. Ni ce na roƙa. Ƙanina ya yi kwaskwarima a zancen, ku yafe masa, a kaina laifin yake. Amma don Allah ku zo ku leƙa tagar nan."

Muryar da take tsawata wa masu naƙuda ce, kuma ba ta bar musu wurin musu ba. Suka matso.

"Kun ga hanyar can? Ta nan na wuce da wata mata tana riƙe da rigata. Daga inda motar take zuwa gadon nan, yaro zai iya jefa dutse ya kai. Likitar da za ta cece ta tana bayanmu, gadon yana gefenmu, muka wuce ta mutu a daji. A tudu aka haife ta, a gangare ta yi aure, a kasuwar tsallake take sayar da kayan da mijinta ya ɗinka. Ku faɗa min ta wace ce a cikinku, in san wanda zan yi wa gaisuwa."

Dattijon tsallake ya tambayi 'yar wane gida ce, Sista ta faɗa. Ya jinjina kai, ya ce ya san rumfar. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin mota ya ɗora a kan gadon.

"Motarmu da direbanta da nas ɗinmu. Duk inda aka kira, su je."

Ciyaman ɗin tudu ya yi gyaran murya ya ce shi ba ya ƙi ba, amma sunansa da ke jikin ginin ba za a goge ba. Sista ta ce ko da zinare yake so a sake rubuta shi, ita za ta riƙe tsani. Aka yi dariya, har shi.

Wanda bai yi dariya ba shi ne nata ciyaman ɗin. Ya ce an mayar da shi yaro, an kira shi gidan abokin hamayya an ci masa fuska, kuma likitar gangare ba za ta taka tudu ba muddin yana kan kujera. Ya fice, kansilolinsa biyu suka bi shi, sauran suka zauna suna kallon ƙasa.

Washegari ya kira Sista ofis ya wanke ta tas, ya ce in ta gaji da aikin ta faɗa. Ta tsaya ta saurara har ya gama, ta ce, "Ranka ya daɗe, na ji," ta fita. Daga nan gidajen kansiloli ta nufa, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tarar da mazan ba sau da yawa, kuma ba su ta je nema ba. Matansu duk ita ta karɓi haihuwarsu. Ta zauna da su a kicin da tsakar gida ta ba su labarin matar telan. Da majalisar ƙaramar hukumar ta zauna a ƙarshen wata, hannuwan masu goyon bayan haɗin kan suka tashi fiye da yadda ciyaman ya zata. Ya sa hannu a yarjejeniyar fuska a murtuke, ya ce gwaji ne, in aka samu matsala ko ɗaya ya janye.

Suka shiga gyara. Ma'aikatan asibitoci uku suka haɗu da tsintsiya da bokiti, waɗanda da sai dai su gaisa a wurin taron bita. An yi ƙananan rigingimu, a kan wanda zai zuba wa janareta mai, da wanda zai wanke zannuwa, da ranar da Likita za ta bar nata asibitin. Aka raba: mai na tudu, wanki da auduga da safar hannu na gangare, mota na tsallake. Likita za ta zo ranakun da aka tsayar, in kuma na gaggawa ne motar ta biya ta ɗauko ta.

Kiran farko ya zo ranar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wata mai sayar da kifi ce daga tsallake, cikinta ya tsufa, jini ya ɓalle mata tana tsakiyar ciniki. Motar ta ɗauko ta, ta tsallaka gada, ta tsaya a gangare Likita da Sista suka faɗa ciki da gudu, lema ko ɗaya babu. Sista ta durƙusa a gefen matar, ta ga leɓunanta sun yi fari. Da suka hango farin ginin, direba ya rage gudu ya karya kan motar ya shiga ƙofar.

Mabiyiya ce ta riga ɗan ta tare hanya. Likita ta ce a nemo jini yanzu-yanzu. Aka gwada mijin, bai dace ba. Aka gwada direba, bai dace ba. Mai-Allura yana tsaye a baranda yana ba da umarnin da babu mai saurara, Sista ta leƙo.

"Mijina na kaina, zo nan."

"Matar yaya, ni fa shugaban sashe ne."

"Jinin shugaban sashe muke so. Naka irin nata ne, na sani. Nannaɗe hannun riga."

Ya kwanta yana salati, ya kau da kai, ya ce a gaya wa yaya ya riƙe masa 'ya'yansa. Leda ta cika, ya miƙe zai nuna jarumta, sai ya sulale a jikin bango. Aka bar shi da maigadi yana masa fifita.

A ciki, fitilar nan ta haska gadon fes. Nas ɗin tsallake ya yi allurarsa, ya zauna a wajen kan matar yana lura da numfashinta. Likita ta miƙa hannu, Sista ta ɗora mata wuƙa. Babu mai magana sai abin da ya zama dole: almakashi, auduga, riƙe nan. Sista ta yi shekaru tana ganin Likita tana rubuta takardar tura mutane birni da baƙin ciki a fuskarta, yau ta ga hannunta yana abin da aka koya masa, da sauri, ba rawa. Aka ciro jaririya, ƙarama, shiru. Sista ta karɓe ta ta juya ta, ta share mata baki da hanci, ta murza bayanta, ta sake murzawa. Sai yarinyar ta yi wani ɗan tari, ta tsala kuka.

Jinin uwar ya ɗauki lokaci kafin ya tsaya, amma ya tsaya.

Sista ta fito baranda da jaririyar a naɗe, rigarta jiƙe da ruwan sama da gumi. Mijin ya miƙe tsaye.

"Mace ce. Uwar ma tana nan, ta sha wuya amma tana nan."

Mutumin ya durƙusa a kan siminti ya rufe fuska. Mai-Allura, daga inda yake zaune da kofin shayi mai sukari, ya ce a shaida masa cewa rabin yarinyar nan tasa ce.

Labari ya zaga kasuwanni uku kafin ruwan ya ɗauke. Ciyaman ɗin tudu ya zo da mai ɗaukar hoto. Na gangare ya shiga rediyo ya ce wannan haɗin kai tunaninsa ne tun da daɗewa. Likita ta ji haushi, Sista ta ce ta ƙyale shi, wanda ya ce abu nasa ne ba zai rushe shi ba.

Ba duka aka ci nasara ba. Akwai waɗanda aka kawo a makare, akwai ranar da mota ta lalace a kan gada, akwai damina guda da rufin ya yi yoyo aka yi ta ja-in-ja a kan wanda zai gyara. Amma abin ya kafu. Aka haɗa firjin ajiyar jini wuri ɗaya, aka haɗa ranakun rigakafi don kada yaran ƙauyukan kan iyaka su faɗa tsakani, aka samu likita na biyu da ya yarda ya zo saboda ya ji akwai aiki. Zaɓe ya zo ya tafi da ciyamomin duka uku. Sabon na tsallake ya aika a dawo masa da motarsa, sai ya wayi gari ya tarar da matan kasuwar kifi zaune a ƙofar ofishinsa da 'ya'yansu a baya, ba su ce masa komai ba sai ina kwana. Kafin la'asar ya ce ba a fahimce shi ba ne.

Shekarar da Sista ta yi ritaya, ƙaba ta fito mata a cibiya, ladar shekarun da ta yi tana ɗaga marasa lafiya. Babban ɗanta, wanda ke aiki a birni, ya zo da mota ya ce ya riga ya yi magana da wani asibiti mai zaman kansa, ɗaki ita kaɗai, har da na'urar sanyi.

"Mama, ki shirya kawai mu tafi."

"Ina?"

"Birni mana. Ai ba za a yanka ki a ƙauye ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. Mahaifinsa, da ya san abin da ke tafe, ya ɗauki rediyonsa ya koma ƙofar gida.

"Matan da na kwantar a gadon nan, ba uwayen wasu ba ne? In na gudu birni da cibiyata, gobe da wane baki za a ce wa wata ta kwanta? Ka kai ni tudu, ko in kira motar tsallake ta zo ta ɗauke ni."

Ya kai ta tudu. Ta bi layi kamar kowa, ta ƙi yarda a tsallake da ita. Da ranarta ta zo, ta hau gadon da kanta, ta kwanta tana kallon fitilar daga ƙasa. Likita, wadda yanzu furfura ta fara leƙo mata a gefen hula, ta sunkuyo.

"Sista, kina tsoro?"

"Ke dai ki yi ɗinki mai kyau, zan duba."

Da ta farka a ɗakin mata, ɗanta yana zaune a gefen gado, ya yi zuru-zuru. A gadon dama wata 'yar tsallake ce da jariri, a na hagu wata tsohuwa daga gangare da aka cire wa ƙari. Wata sabuwar nas, yarinya ƙarama da ba ta san ko wace ce Sista ba, ta zo tana gyara mata ledar ƙarin ruwa. Sista ta bi hannun yarinyar da ido, harshenta yana da nauyi tukuna.

"Ke 'yar nan, ruwan yana gudu da yawa. Rage shi."

Nas ɗin ta duba, ta rage.

"Daga wace ƙaramar hukuma kike?"

"Ta gangare ce ta ɗauke ni aiki, Mama, amma nan aka turo ni."

"Madalla," in ji Sista. Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma ka daina kallona kamar gawa. Je ka ce wa babanka a kawo min ruwan zafi da zanena mai kyau, mutane za su zo dubiya."